Bakteriyar da ke cikin hanjin sauron maleriya: me ya sa ba a maganarta?

Mai Nazari: Wallahi abin yana min ciwo, maleriya na kashe mutum kusan 600,000 duk shekara yawanci yara ƙanana amma na saka wannan maganar jiya ko mutum ɗaya bai tanka ba. Tun 2023 Turawa suka bayyana wata bakteriya mai suna Delftia, idan ta zauna a hanjin sauro tana fitar da sinadarin harmane wanda ke hana ƙwayar maleriya girma, sauron bai mutu ba, zai cije ka amma da wuya ya saka maka cutar.

Ɗan Afirka: Turawa? Malam gyara maganarka. A Burkina Faso aka gwada ta, cikin wani keji na gidan sauro, aka jiƙa auduga da ruwan sukari mai bakteriyar sauro yana sha. Su waye suka yi wannan wahalar, Turawa ne?

Mai Nazari: Ɗan'uwa a ɗakin binciken kamfanin magani na GSK da ke Sifen aka fara lura da ita, saurayen da suke kiwo ne suka daina ɗaukar ƙwayar.

Ɗan Afirka: Lura daban, aiki daban. Kullum mu ke ɗaukar kaya wasu na karɓar yabo.

Uwar Biyu: Ni dai duk abin da kamfanin magani ya sa hannu ban yarda da shi ba, ku bar mana gidan sauronmu.

Ɗalibar Lafiya: Anti ai babu wanda ya ce a daina gidan sauro. Kuma wata bakteriyar da ake saka wa sauro mai suna Wolbachia ta rage cutar dengi da kashi 77 a Yogyakarta ta Indonesiya.

Ɗan Afirka: Ƙanwata wancan sauron Aedes ne mai yaɗa dengi ba Anopheles mai yaɗa maleriya ba, ki koma ki duba littafinki.

Ɗalibar Lafiya: Na sani yaya, misali na kawo, kuma kada ka sake cemin in koma littafi, ba kai kaɗai ka shiga aji ba.

Mai Nazari: Dan Allah jama'a a dawo kan hanjin sauron nan.

Uwar Biyu: Ka ba yarinya haƙuri tukuna kai Ɗan Afirka.

Shugaban Zaure: To an yi ta, zan rufe. Abin da na fahimta a Sifen aka fara lura da ita, a Burkina kuma aka gwada ta tare da masananmu, Mai Nazari sai ka cire kalmar Turawa ka sake sakawa gobe.