Neman shawara: wata bakwai a Masaka, har yau ban san cocin da zan zauna ba

Maman Tagwaye: Salamar Ubangiji 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki. Mu mutanen wajen Kwoi ne, citta muke nomawa tun iyaye, da kuɗinta maigidana ya gina ɗaki uku ya kuma biya wa ƙannensa makaranta. To kun san abin da ya faru a daminar 2023, ciwon nan da ya shiga citta, ganye ya yi ɗorawa in ka tona ka tarar ta ruɓe a ƙasa, mu ko iri ba mu fitar ba ga shi bashi muka ci muka sayi taki. Shekarar da ta biyo muka gwada masara, ba ta biya bashin ba. Shi ne wani ɗan'uwansa ya samo masa aikin gadi a cikin Abuja, ya daɗe shi kaɗai kafin ya kama mana ciki da falo a Masaka, na taho da yara huɗu.

Damuwata coci ce. A gida tun ina yarinya nake kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, da na yi aure na shiga zumuntar mata, ni ce mai buga tulu, ba taron da ake yi ba ni. A nan cocinmu mai sujadar Hausa tana da nisa, sai na hau mashin zuwa bakin titi sannan mota, ni da yara huɗu kuɗin ranar Lahadi ɗaya ya kai na cefanen kwana biyu. Na je sau biyar, an ce baƙi su tashi na tashi an tafa mana, shi ke nan, ba wanda ya tambaye ni ina nake zaune. Na nemi shiga zumunta aka ce sai na kawo takardar shaida daga gida. Amma akwai wata coci a bayan gidanmu, irin masu addu'ar dare ɗin nan, komai da Turanci, rabi nake ji rabi ba na ji. Ranar da ɗaya daga cikin tagwayen ya yi zazzaɓi mai jijjiga matar fastonsu ce ta raka ni asibiti da tsakar dare. Yanzu yara can suke so, ni kuma in na shiga sai in ji kamar na yi laifi. In koma can gaba ɗaya ne? Kuma zakkata ina zan kai, don har yanzu gida nake turawa.

Baba Dattijo: 'Yata, amsarki na cikin maganarki. Je ki karɓo takardarki. Shekara 22 ina dattijon ikilisiya, ba wata ikilisiya mai tsari da za ta sa ki cikin zumunta ko ta ba ki jibin Ubangiji ba ta san ko kina ƙarƙashin horo a inda kika fito ba. Wannan ba wulaƙanci ba ne, kariya ce. Tun 1910 bishara ta iso Kwoi, kakanninki da ƙafa suke tafiya sujada, ke kuma kuɗin mashin zai raba ki da gadonki? Karanta Ibraniyawa 10:25.

Maman Tagwaye: Baba na gode, amma ba horo a kaina, kowa ya san ni a gida. Kuma ai ban daina taruwa da 'yan'uwa ba, ina zuwa ta bayan gidan. Su kakanni ba sa biyan haya ba sa sayen ruwa wurin mai garuwa.

'Yar Gindiri: Anti ni kam na fahimce ki sosai. Shekara uku na yi a Ado, nan kusa da Masaka, ina zuwa cocinmu, ranar da mahaifiyata ta rasu mutum huɗu kacal suka zo gaisuwa, amma lokacin gudummawar gini har gida aka biyo ni da kati. In ba ka da mota ko ba ƙabilarku ce ta fi yawa a wurin ba to baƙo kake har ka tsufa. Har yau abin na yi min ciwo, kuma wadda ta fi ɓata min rai shugabar matan ce da muka yi makaranta ɗaya da ƙanwarta.

Baba Dattijo: Ba a zuwa coci don a gaishe ka. Ke kin je gaisuwar mutum nawa a shekara ukun?

'Yar Gindiri: Baba ba ku san ni ba fa, ni ce mai share coci duk Asabar.

Ɗan Zuru: Mama ki je inda ke kusa kawai. Yesu ɗaya ne, Matiyu 18:20 bai ambaci sunan ɗarika ba. Wadda ta tashi da tsakar dare ta raka ki asibiti ita ce maƙwabciyarki, ai misalin Basamariye ke nan. Turancin ma za ki saba, yara kuma zai taimake su a makaranta.

Malamar Makarantar Lahadi: A'a ƙanena kar ka sauƙaƙa abin haka. Tsakanin Mararaba da Masaka kusan kowane layi akwai coci, wasu na gaskiya ne wasu kuma kasuwa ce. Ƙanwata ta faɗa hannun wani da ya ce uwar mijinta ce ta ɗaure mata ciki, yau shekara biyu ba sa magana, ya kuma sa ta sayar da keken ɗinkinta ta ba shi kuɗin wai ta shuka iri. Maman Tagwaye ki lura, suna karanta Littafi Mai Tsarki sura sura ko kullum maganar maƙiya ce da mai da ruwan addu'a? Kuma wadda rabin wa'azi take ji ta yaya za ta gane in an kauce?

Maman Tagwaye: Gaskiya ba su taɓa sayar min da komai ba. Sau ɗaya dai faston ya ce ciwon cittar nan akwai hannu a ciki, ban ji daɗi ba don duk yankinmu ne ya shafa har Kachia da Kagarko, ba gonarmu kaɗai ba. Amma mutanen kirki ne.

Baba Dattijo: To kin ji. Yau citta, gobe za a ce miki surukarki ce. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba. Kuma duk zancen nan ban ji kin ambaci maigidanki ba, shi me ya ce? Shi ne kan gida.

Maman Tagwaye: Baba shi ba ya nan ranar Lahadi, kwana biyu yake yi a wurin aiki ya dawo kwana ɗaya, in ya fito ƙarfe biyar na asuba ma cunkoson Mararaba da Nyanya sai ya ci masa awa biyu. Ya ce in yi abin da na ga ya fi, kar dai mamarsa ta ji.

Kaka Mai Waƙa: 'Yata ni kalmar nan ta kar mamarsa ta ji ce ta tsaya min. Abin da ake ɓoyewa ba ya kawo salama. Kuma me ya hana takardar? Ai waya ɗaya ce ga magatakarda, a ba direban Kwoi ya sauke miki a Keffi ko a Masaka ɗin ma.

Maman Tagwaye: Mama akwai ɗan abin da ya rage tsakanina da zumuntar gida, kuɗin anko da na adashe da ban gama biya ba kafin mu taso. Ba wai na gudu ba ne, sun sani. Kunya nake ji in kira in ce takarda.

Baba Dattijo: Ashe ga inda gizo ke saƙar. Ba nisa ba ne, bashi ne. Ki biya su ko da ɗari biyar biyar ne, sannan ki nemi takarda. Zakka kuma inda kike cin abincin ruhaniya nan ake kaiwa, Malakai 3:10, wato cocinki ta Hausa in kin yi rajista.

Ɗan Zuru: In haka ne Baba ai ta bayan gidan ce ke ciyar da ita yanzu, can ya kamata ta kai ke nan.

Baba Dattijo: Yaro kar ka juya min magana.

'Yar Gindiri: Ni na ce ta ci gaba da turawa gida, faston ƙauye ya fi na birni buƙata, su ma cittar suka dogara da ita. Babana fasto ne a ƙauye, na san watannin da muka yi ba albashi sai kwanon dawa da mata ke kawowa.

Malamar Makarantar Lahadi: Wata hanyar kuma, ki tambaya ko akwai addu'ar gida gida a unguwarku. Ɗarikun ECWA da COCIN da EYN da HEKAN duk suna da mutane birjik a yankin Karu, da wuya a ce layinku ba masu sujada da Hausa. Ko ba ɗarikarku ba ce Littafin Waƙoƙi kusan ɗaya ne, za ki samu inda za ki buga tulunki. Kin taɓa tambayar maƙwabta?

Maman Tagwaye: Maƙwabtana na kusa Musulmi ne, matar kirki ce sosai ita ke ba ni ruwa in rijiyarmu ta ƙafe, sauran kuma da asuba suke fita sai dare. Baba don Allah ba bashin ne kaɗai ba, ko na biya yau kuɗin motar yana nan, kuma ko na kawo takarda wa zai kula da ni a can. Zan dai yi addu'a a kai. Wannan Lahadin kam ta bayan gidan za mu, an ba tagwayen ayar haddacewa sun yi sati suna koyo.

Kaka Mai Waƙa: Ni dai ki kira uwar zumuntarku ta gida ko gaisuwa ce. Nawa ne ma kuɗin da ya rage?