Shawarwarin iyaye da malamai kan wasan 'yan naziri

A zamanmu da malaman naziri, an fi jaddada cewa guje-guje kaɗai ba ya koya wa yaro cafe ƙwallo ko tsayuwa da ƙafa ɗaya, sai an nuna masa an yi ta maimaitawa. Wata malama ta ce takan ja layi da alli a ƙasa, yara su bi ba kaucewa, sannan a yi langa. Carafke kuma yana gyara yatsu kafin riƙon fensir.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na minti 180 kullum. Abin da ya dame ni shi ne, wasu makarantun ko filin wasa ba su da shi.