Muhawara: Faransa na da bakin magana kan kisan Mura?

Ɗan Ƙonni: Salamu alaikum jama'a. Jiya na ji wani Bafaranshe a rediyo yana ta kumfar baki kan abin da sojojin Mali da 'yan Wagner, sojojin hayar Rasha, suka yi a garin Mura da ke yankin Mopti a Mali, sai na kashe rediyon. Yaushe kura ta fara ce wa kare maye? A 1899 hafsoshin sojan Faransa Voulet da Chanoine suka ratso ƙasar Hausa za su Tafkin Chadi, duk garin da suka shiga sai toka. Suka yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu, suka zo Birnin Ƙonni suka yi ta'asa. Kakata ta sha ba mu labarin da uwarta ta ba ta: tana yarinya suka gudu daji, da suka dawo ba wanda ya iya jan ruwa a rijiyar unguwarsu saboda abin da ke ciki. Har ta rasu, in ta zo nan a labarin sai ta yi shiru ta ɗauki carbi. Ni a wurina Faransa ba ta da bakin magana, faƙat.

Malam na Sakkwato: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna. Alhaji, ban musa ko kalma ɗaya ba. Mu ma Ingila ta yi mana namu a Satiru a 1906, aka shafe garin, har yau kufai ne. Amma ina da tambaya. An kashe mutane a Mura ko ba a kashe ba?

Ɗan Ƙonni: Malam, ba wannan muke magana ba.

Malam na Sakkwato: Ai ita ce maganar, ranka ya daɗe. Ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a watan Mayu 2023, ya ce aƙalla mutum 500 aka kashe cikin kwana biyar, daga 27 ga Maris 2022. Bamako ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe. Ko Voulet ne da kansa ya tashi daga kabarinsa a Maijirgi ya faɗi wannan, sai mu duba ko gaskiya ne.

Auta: Hhhh Malam, wa ke da Majalisar? Ba su ba ne? Wanda ya biya makaɗi shi ake wa kiɗa.

Hajiya Mai Banda: Auta, bari in tare ka a nan. Wannan Majalisar da kake cewa tasu ce, ita ta binciki harin ƙauyen Bunti a Mali. Ranar 3 ga Janairu 2021 jiragen Faransa suka jefa bam, Paris ta ce 'yan ta'adda ne, MINUSMA, tawagar Majalisar a Mali, ta je ta dawo ta ce taron biki ne, fararen hula 19 sun mutu. Faransa ta ƙi yarda har yau. Lokacin nan ku ne kuka cika mana waya da rahoton, kuna "kun gani ko?" To ofishin bai canza ba. Da ya taɓa Faransa gaskiya ne, da ya taɓa Wagner ya zama ƙarya?

Na yi shekaru ina saro bandar kifi a yankin Mopti kafin hanya ta lalace. Na san ranar kasuwa a irin garuruwan nan. Tun asuba Fulani sun koro shanu, mata sun jera ƙwaryar nono, yaro na riƙe da igiyar akuya yana jiran ubansa ya gama ciniki. Ranar kasuwa ce jiragen sojojin Mali suka sauka a Mura. Duk da na ji labarin, fuskokin nan nake gani.

Ɗan Damagaram: Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma kada mu wuce maganar Alhaji da sauri. Akwai inda munafuncin ke da illa ta gaske, ba ɓacin rai kawai ba. Paris ta aika Kanar Klobb ya tsayar da Voulet, Voulet ya sa aka harbe shi ranar 14 ga Yuli 1899, kwana kaɗan sojojinsa suka kashe shi da Chanoine. To me ya biyo baya? Rundunar ba ta juya ba. Ta ƙarasa ta ci Zinder, aka kashe Sarki Amadu Kuran Daga, ƙasar da aka ƙwace da wannan jinin kuma Faransa ta riƙe ta har 1960. Aka ɗora laifin kan mutum biyu, aka ci ribar.

Malam na Sakkwato: Wannan kam haka ne.

Ɗan Damagaram: Ga Thiaroye, kusa da Dakar. Disamba 1944, sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin Hitila suka nemi kuɗinsu, aka buɗe musu wuta. Sai a 2024 Macron ya yarda ya kira shi kisan kiyashi. Shekara 80! Ita kuwa Amurka ta yi maraba da sammacin da kotun ICC ta yanka wa Putin a 2023, alhali ita ba ta cikin kotun, har doka ta yi a 2002 don kada a taɓa sojanta. In alƙali ya saba kare ɗansa, ranar da ya yanke hukuncin gaskiya ma ba mai yarda. Shi ya sa yau duk wanda ya yi kisa yake da amsa a aljihu: "ku fa?"

Hajiya Mai Banda: To ai ka ga wa ya ci riba da "ku fa". Ba jikokin mutanen Ƙonni ba.

Ɗan Ƙonni: Hajiya, ni ban ce a yafe wa kowa ba. Cewa na yi ba daga bakinsu nake son ji ba.

Malam na Sakkwato: Na yarda. To daga bakin wa? A nan gidan, tun 2022 wa ya taɓa kawo maganar Mura? Na duba baya, ban gani ba. Sai yau, shi ma don a zagi Faransa.

Auta: Malam ka taɓo mu fa.

Ɗan Ƙonni: An kira la'asar a nan. Hajiya, in kina da rahoton nan na Mura da Faransanci ki turo min, zan karanta da dare. Amma rediyon can ba zan kunna ba.