Zaman kwaikwayon Kwamitin Sulhu a makon sashe: ina ake tuntuɓe?

Ɗan aji uku:

Assalamu alaikum. Ƙungiyar ɗaliban sashenmu na hulɗar ƙasa da ƙasa za ta yi zaman kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya a makon sashe, saura sati shida. Ɗalibai sittin sun ba da suna, ɗaki ɗaya aka ba mu, yini ɗaya. Malamanmu da yayyenmu da suka saba shirya irin wannan, don Allah ta ina ake farawa?

Mai guduma:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ku fara da cire babban zauren Majalisar, inda duk ƙasashe ke zama, daga ranku. Ƙasashe 193 ne a can, kuma ko ku sittin ɗin nan kowa ya yi jawabin minti biyu, awa biyu ta tafi ba a taɓa daftarin ƙuduri ba. Ku ɗauki Kwamitin Sulhu mai kujeru 15.

Kowace ƙasa a ba ta mutum uku: mai magana, mai rubutu, da mai zagayawa neman goyon baya. Arba'in da biyar ke nan. Uku su hau tebur, wato shugaban zama, mai agogo, da mai rubuta jerin masu magana. Biyu su riƙa kai 'yan takardu tsakanin wakilai don kada kowa ya tashi. Goman da suka rage a raba su bibbiyu, su zama ƙasashe biyar da batun ya shafa amma ba sa cikin kwamitin. Sashe na 31 na kundin Majalisar ya yarda a gayyato irinsu, su yi magana amma ba su da ƙuri'a.

Ƙasashen kuwa a rubuta su a 'yan takardu, a nannaɗe, kowa ya ɗauka a gaban jama'a, sati huɗu kafin ranar. In kuka ce kowa ya zaɓa, rabin aji Amurka zai nema, rabi Najeriya, sai a fara zargin shugabanni da son kai tun kafin a zauna. Ku duba jerin ƙasashe goma marasa kujerar dindindin na wannan shekarar, domin duk watan Janairu biyar ke fita, biyar su shiga.

Malamin ƙungiyoyin duniya:

Abin da na fi ganin yana rusa zaman shi ne ƙidayar ƙuri'a, kuma yawanci daga tebur matsalar take. Shugaban zama ya ga hannu takwas cikin goma sha biyar, sai ya buga guduma ya ce ƙuduri ya wuce, tunda an haura rabi. Bai wuce ba. Sashe na 27 tara ya ce. In batun tsarin zama ne, kamar a ɗage ko a ci gaba, taran nan sun wadatar, babu mai hawa kujerar na-ƙi. In ainihin ƙuduri ne, sai an samu tara, kuma babu ko ɗaya daga Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin da ta ce a'a.

Kuskure na biyu: a ɗauka rowar ƙuri'a, wato ƙin cewa e ko a'a, daidai take da hawa kujerar na-ƙi. Ku ba su misalin ƙuduri mai lamba 1973 na shekarar 2011 kan Libiya. Ƙasashe goma suka amince, ciki har da Najeriya, Afirka ta Kudu da Gabon. Biyar suka yi rowa: Rasha, Sin, Jamus, Brazil da Indiya. Biyu daga cikinsu masu kujerar dindindin ne, amma ƙudurin ya wuce. Ɗalibin da ke riƙe da Rasha ko Sin, in bai san wannan ba, duk abin da bai yi masa ba sai ya kashe shi, alhali wakili na gaske yana auna ko abin ya kai a kashe, ko a yi rowa a bayyana dalili.

Ku buga dokokin a shafi ɗaya tak, ku yi gwajin awa ɗaya ana saura kwana uku, da batu na wasa, ko da rikicin ruwan famfo ne a ɗakin kwanan ɗalibai. A nan ake gane shugaban da bai iya katse mai magana ba.

Malama mai duba takardu:

Malam ya yi gaskiya, amma ni tun kafin ƙuri'a nake ganin ɓarnar. Batu ake ɗauka mai faɗin da ba ya kamuwa, irin "zaman lafiya a Afirka". Wannan kowa zai yi wa'azi ya zauna. Ku matse shi. Yankin Tafkin Chadi yana da ƙuduri nasa, mai lamba 2349 na 2017, ku ce kwamiti zai duba abin da za a ƙara a kai, sai Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru su zauna a kujerun baƙi in ba sa cikin kwamitin a shekarar. Ko ku ɗauki 2719 na Disamban 2023, wanda ya buɗe hanyar Majalisar ta biya har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin rundunonin zaman lafiya na Tarayyar Afirka. Zancen wa zai cika ragowar ya isa ya haɗa gardama ta gaske.

Kowace tawaga ta kawo takardar matsaya shafi ɗaya, ana saura kwana goma. Sakin layi uku: me ya haɗa ƙasar da batun, me ta taɓa faɗa ko zaɓa a kansa, me za ta yarda da shi kuma me ba za ta taɓa sa wa hannu ba. Na biyun nan ne ke tona asiri. Rubutattun bayanan zaman kwamitin suna shafin Majalisar kyauta, lambarsu tana farawa da S/PV, kuma a ciki za a ga abin da kowane jakada ya faɗa bayan ƙuri'a. Wanda bai buɗe su ba, ra'ayinsa zai rubuto ya liƙa wa ƙasar. Sai ka ji wakilin Faransa yana zagin mulkin mallaka, ɗaki ya ɗauki tafi. Daɗin ji, amma sifiri ne.

Yanzu da yawa kwamfuta ke rubuta musu. Kada ku ɓata lokacin bincike: ku kira tawagar, ku yi mata tambaya biyu da baki a kan abin da ta kawo.

Yaya tsohon ɗalibi:

Kan daftari, ƙanena, ku hana wanda aka rubuto daga gida. Wanda ya zo da shi a aljihu ya kashe tattaunawar, sauran sun zama 'yan sa hannu. A rubuta a ɗakin, a miƙa wa tebur kafin sallar azahar, a yi amfani da hutun a buga kwafi ashirin. Kada ku dogara da majigi kaɗai, wuta na ɗaukewa zaman ya tsaya.

Daftari jimla ɗaya ce doguwa. Sassan shimfiɗa, masu kawo dalilai, ba su da lamba, na aiki, masu faɗin matakin da za a ɗauka, suna da lamba, aya ɗaya ce a can ƙarshe. Ku ce kada na aiki su wuce takwas. Kuma duk wanda ya rubuta takunkumi ko tura soja, tebur ya tambaye shi a ƙarƙashin wane babi na kundin Majalisar. Babi na bakwai ne, sashe na 41 takunkumi, na 42 ƙarfin soja. Da yawa ba su san akwai bambanci tsakanin kwamiti ya yi kira da ya yanke hukunci ba.

Kada ku sa ranar Juma'a. Jawabin manyan baƙi kuma ku kai shi yamma, wajen raba kyaututtuka. In kuka sa da safe, sha ɗaya za ta yi ana jiran babban baƙo.

Malama mai duba takardu:

Na manta maki. Alƙalai uku, kada shugaban zama ya shiga cikinsu. Maki 40 ga tsayawa kan matsayar ƙasa, 25 ga sasantawa, 20 ga abin da tawaga ta sa a daftari, 15 ga jawabi. Alƙali ɗaya dole ya tashi ya bi wakilai lokacin da aka sake su su tattauna a tsaye, don a nan aikin yake.

Mai guduma:

Malama, ki yi haƙuri, 15 ta yi wa jawabi kaɗan. Jakada ai da bakinsa yake ci. Ni 25 zan ba shi, in rage na matsaya.

Malama mai duba takardu:

Yallaɓai, in ka ɗaga shi, kofin zai koma hannun wanda ya yi makarantar kuɗi ya iya karya harshe, ko bai karanta komai ba. Muhawara tana da nata gasar. Ni har cewa nake a bar su su yi ciniki da Hausa ko duk harshen da suka ga dama in sun tashi tsaye, jawabi da rubutu kawai za a tsare da Turanci.

Ɗan aji uku:

Allah ya saka da alheri. Tambaya ɗaya, Malam: in wani ya hau kujerar na-ƙi da ƙarfe huɗu, shi ke nan wahalar yini ta tashi a banza?

Malamin ƙungiyoyin duniya:

A'a, ɗana. Ba a ba da maki don ƙuduri ya wuce. Kuma tun Afrilun 2022 babban zaure ya amince cewa duk lokacin da aka hau kujerar na-ƙi zai zauna cikin kwanakin aiki goma, a ba ƙasar da ta hau damar fara magana. Ku ware minti talatin na ƙarshe domin wannan. A juya kujeru, ƙasashe ashirin ɗin su zama babban zaure, wanda ya kashe ƙudurin ya fara da minti uku, sannan kowace tawaga minti ɗaya, baƙin nan biyar a gaba.