Direban motar kayan soja: ya yi yaƙi ko bai yi ba?

Ɗalibi a Adelaide: Assalamu alaikum. Wani Bature maƙwabcina ya nuna min hoton kakansa cikin kaki. A yaƙin duniya na biyu yana rundunar jigilar kaya ta sojan Ostireliya, yana jan babbar mota daga Alice Springs da ke tsakiyar ƙasar zuwa Larrimah da ke arewa. Sai jikan ya ce wai kakan bai yi yaƙi ba, tuƙi kawai ya yi. Maganar ta tsaya min a rai.

Tsohon soja: Wa alaikumus salam. Ɗana, yaron bai yi ƙarya ba. Wanda ya kwana a rami harsashi na shawagi a kansa daban, wanda ya kwana a zango daban. Kada a haɗa mai riƙe sitiyari da waɗanda suka hau duwatsun Kokoda na ƙasar Papua suka fafata da Japanawa a 1942.

Direban tirela: Baba, da girmanka, ban yarda ba. Da Japanawa suka yi wa Darwin, garin bakin teku a arewacin Ostireliya, ruwan bama-bamai ranar 19 ga Fabrairu 1942, hanyar teku ta zama abin tsoro. A lokacin, jirgin ƙasa daga kudu iyakarsa Alice Springs, na arewa kuma ba ya wuce Birdum, kusa da Larrimah. Tsakani kusan kilomita 1,000 ne babu dogo. Direbobin nan ne suka haɗa. Tafiyar wajen kwana huɗu a jerin gwano, ga zafi, ga gargada, ga ƙurar da ba ka ganin motar gabanka, don kwalta sai daga baya aka zuba. Na san abin da irin hanyar nan ke yi wa ƙugun mutum. Da sun tsaya, me sojan Darwin zai ci, da wane fetur jirgi zai tashi?

Tsohon soja: Wahala kam na yarda. Amma ba a harbe shi ba.

Malamar tarihi: Baba, ai soja ba ya zaɓar inda za a tura shi. 'Yan wannan rundunar ta jigilar kaya da aka yi wa ƙawanya a Tobruk ta Libiya a 1941, bindiga aka miƙa musu suka tsare bakin daga. Da Singafo ta faɗi ranar 15 ga Fabrairu 1942, har da direbobi aka kama, wasu a aikin dogon Bama da Japanawa suka tilasta wa fursunoni suka mutu. Kokodan ma da ka ambata, yunwa na cikin abin da ya kora Japanawa baya, su kuwa 'yan Ostireliya 'yan dakon Papua ne suka riƙe su.

Tsohon soja: 'Yata, na Tobruk sun yi yaƙi, ban musa ba. Ni a kan wannan mutum ɗaya nake magana.

Direban tirela: To Baba, mutanenmu da suka yi dakon kayan runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a kwarin Kaladan na Bama a 1944, su ma ba su yi yaƙi ba ke nan?

Tsohon soja: Su a gaban abokan gaba suka ɗauki kaya. Ka bar ni in yi tunani a kan sauran.

Ɗalibi a Adelaide: Ma'ajiyar tarihi ta ƙasar nan Ostireliya tana riƙe da fayil ɗin sojojin wancan yaƙi. Zan ce wa maƙwabcin nawa ya nemi na kakansa, mu ga duk inda aka tura shi.