Likita ya rubuta, kamfanin inshora ya ce a dakata: kowa ya kawo abin da ya gani

Abban Sadiya, Kaduna

Assalamu alaikum. Na buɗe wannan zance ne saboda abin da ya same ni a makon jiya, kuma ina roƙon duk wanda zai yi magana ya faɗi abin da ya gani da idonsa, ba tare da ambaton sunan asibiti ko na kamfani ba. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma ni da mai ɗakina da 'ya'yanmu huɗu muna cikin inshorar lafiya ta ma'aikata. Mai ɗakin nawa ta kwana uku tana fama da ciwo a gefen dama na cikinta, likitan asibitin da muke da rajista ya duba ta, ya ce yana zargin tsakuwa ce a maɗaciya, don haka sai an yi mata hoton ciki kuma likitan tiyata ya gan ta. A nan ne aka gaya mini cewa wannan ya wuce matakin farko, sai kamfanin HMO, wato kamfanin inshorar da ke biyan asibitin, ya ba da lambar izini, wadda kowa a asibitin yake kira kod. Tun ƙarfe tara na safe muke zaune a gaban teburin inshora, ma'aikaciyar tana kira ba a ɗauka, ta tura saƙo ba amsa, har aka kira sallar La'asar. Da na ga matar ta fara amai, sai na biya kuɗin hoton daga aljihuna. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne likitan da ya taɓa cikin da hannunsa yana nan tsaye, amma maganarsa ba ta isa a yi aikin ba sai ta wani da bai taɓa ganin fuskarta ba.

Likitan Unguwa, Kano

Wa alaikumus salam, Abban Sadiya, Allah ya ba uwargida lafiya. Ina da ƙaramin asibiti mai gado goma sha biyu, kuma bari in bayyana yadda kuɗin yake tafiya, domin majinyata da yawa mu suke zagi alhali igiyar ba a hannunmu take ba. A matakin farko, wato zazzaɓi da gudawa da awon ciki da makamantansu, ana biyan asibiti wani adadi a kan kowane mutum duk wata, ko ya zo ko bai zo ba. Shekara da shekaru wannan adadi yana tsaye a kan naira 750, har lokacin da kuɗin bai isa sayen maganin zazzaɓin cizon sauro na kirki ba, kuma a 2025 hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta kai shi naira 1,450. Duk abin da ya haura wannan mataki, kamar tiyata ko hoto ko ganin ƙwararre, kuɗinsa daban ne, kuma idan ka yi shi ba tare da kod ba, to ka yi sadaka ne.

Wani dare aka kawo mini yaro ɗan shekara tara da kumburin afendis, cikinsa ya riga ya ɗaure. Muka nemi kod har tsakar dare ba mu samu ba, ni kuwa ba zan zauna ina kallon hanjin yaro ya fashe saboda wayar da ba a ɗauka ba, don haka muka shiga tiyata. Yaron ya tashi lafiya. Bayan wata biyar takardar neman biyanmu ta dawo da jan layi, wai an yi aiki ba da izini ba. Na san cewa tun watan Afrilun 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su ba da kod cikin awa ɗaya, kuma idan gaggawa ce a yi aikin a nemi izini daga baya, kuma gaskiya wasu kamfanonin sun gyara. Amma nawa ya faru ne kafin wannan umarni, kuma har yau ba a biya ni ba.

Malama Uwar Biyu, Zariya

Likita, Allah ya saka maka da alheri a kan yaron nan. Nawa ba tiyata ba ne, magani ne. Shekara takwas ina fama da hawan jini, kuma da ƙyar likitana ya dace da haɗin da ya karɓe ni, bayan wani da aka fara ba ni ya sa ni tari ba dare ba rana. Ranar da na je karɓa, mai ba da magani ya ce wannan ba ya cikin jerin da kamfanina yake biya, sai dai in karɓi wancan mai sa tarin in biya kashi 10 cikin 100 kamar yadda aka saba, ko kuwa in je kyamis in sayi nawa gaba ɗaya. Na koma wurin likitan, ya rubuta musu bayani da hannunsa, aka ce za a duba. Wata huɗu ke nan ina saye da kuɗina daga albashin koyarwa, katin inshorar kuwa yana cikin jaka.

Anti Nas, Teksas, Amurka

Sannunku da ƙoƙari, 'yan'uwa. Masu ganin cewa wannan matsalar talauci ce su saurari tawa, domin shekara goma sha shida ke nan ina aikin jinya a Amurka, ƙasar da ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya, kuma abin da kuke kira kod shi ne abincinmu na kullum, sai dai a nan an yi masa ofisoshi da ma'aikata. A sashenmu akwai mace guda da ba ta da wani aiki sai bin takardun neman izini. Idan kamfani ya ƙi, likitanmu yana iya neman a haɗa shi a waya da likitan kamfanin su yi muhawara, kuma na sha tsayawa kusa da ƙwararren likitan ciwon daji yana bayyana dalilinsa ga wanda ba fanninsa ba ne, majinyata kuma suna jere suna jiransa.

Wadda ba na mantawa ita ce wata dattijuwa da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Likita da masu gasa ƙashi duka sun ce tana buƙatar a kai ta cibiyar koyon tafiya ta yi makonni, kamfanin ya ce gida ya ishe ta. Muka ɗaukaka ƙara, aka amince bayan kwana goma sha ɗaya, alhali duk mai wannan aiki ya san makonnin farko su ne suka fi daraja wajen dawo da ƙafa da hannu. Cibiyar bincike ta KFF ta duba tsarin inshorar tsofaffi na Medicare Advantage a shekarar 2023, ta gano cewa kusan kashi 12 cikin 100 kawai na buƙatun da aka ƙi ake ɗaukaka ƙara a kansu, amma fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka ɗaukaka ɗin sai an janye ƙin. Ni dai abin da na fahimta daga wannan shi ne gajiyar mutane ita ce ribar.

Kun ji labarin kisan Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, a birnin New York ranar 4 ga Disamba 2024. Kisan kai ne, babu addinin da ya yarda da shi, kuma mutumin ya bar iyali. Amma abin da ya biyo baya ya girgiza ni, domin maimakon ta'aziyya sai dubban mutane suka cika intanet da labaran iyayensu da 'ya'yansu da aka hana magani. A makon da aka yi kisan ne kuma kamfanin inshora na Anthem ya janye shirinsa na ƙayyade lokacin da zai biya kuɗin allurar barci a tiyata a wasu jihohi uku, bayan likitoci da jama'a sun yi masa ca. Yanzu akwai ƙa'idar gwamnati da ta ce daga 2026 kamfanonin da ke cikin tsare-tsarenta su ba da amsa cikin awa 72 idan gaggawa ce, cikin kwana 7 idan ba gaggawa ba. Da na karanta maganar awa ɗaya ta Likitan Unguwa sai na yi murmushi, domin a takarda kun fi mu.

Tsohon Ma'aikaci, Abuja

Ku yi mini haƙuri, ni daga ɗaya ɓangaren nake, domin na yi shekara bakwai a sashen tantance takardun biya na wani kamfanin HMO. Ban zo wanke kowa ba, amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Na taɓa riƙe takardun asibiti guda da ya kwantar da mutum ɗaya sau uku a wata ɗaya, da muka kira mutumin ya rantse sau ɗaya ya je, kuma ko ruwa ba a ƙara masa ba. Na ga inda aka rubuta gwaji goma sha biyu a kan mura. Da ba a tsayawa a tambaya, da asusun ya ƙare kafin mai tsakuwar maɗaciya ya iso. Amma kuma zan faɗi abin da na sani: da daddare mutum biyu ne kawai a kan waya, ɗaya daga cikinsu ba ma'aikacin lafiya ba ne, kuma ba a taɓa tuhumar kowa a ofishinmu don ya jinkirta kod ba, sai dai don ya amince da abin da ya yi tsada. Ina aiki a lokacin da Farfesa Usman Yusuf ya riƙe hukumar daga 2016, yana fitowa fili yana caccakar kamfanonin a kan bashin da asibitoci suke bin su, kuma na tuna yadda shugabanninmu suka riƙa sa mu tono tsofaffin takardu ana biya cikin gaggawa. Kuɗin yana nan, tsoro ne babu.

Likitan Unguwa, Kano

Yallaɓai, na gode da ka faɗi gaskiya, kuma ban musa cewa akwai ɓata-gari a cikinmu ba. Amma wanda ya kwantar da mutum na ƙarya, a bincike shi bayan aiki, a ci shi tara, a cire shi daga tsarin. Ba daidai ba ne a hukunta ɓarawon asibiti ta hanyar zaunar da matar Abban Sadiya a benci tana amai. Kuma idan majinyaci ya mutu a kan bencin nan, lasisina majalisar likitoci za ta nema, ba na wanda ya ƙi ɗaukar waya ba.

Baba Alhaji, Zangon Kumasi, Gana

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Mu a nan na ga zamanin da sai ka ajiye kuɗi kafin a taɓa ka, kuma na ga zuwan inshorar ƙasa a 2003 lokacin shugaba Kufuor, don haka ba zan raina ta ba, domin da katin nan aka yi mini aikin gwaiwa. Mu ba mu da kamfanoni a tsakiya irin naku. An gwada biyan asibiti a kan kowane mutum a yankinmu na Ashanti daga 2012, jama'a da masu asibitoci suka yi ta kuka har aka dakatar da shi a 2017. Abin da yake damuna yanzu shi ne likita ya rubuta mini maganin sukari, in je taga a ce babu, wai asibitin bai ga kuɗinsa na watannin baya ba, sai in fita waje in saya.

Abban Sadiya, Kaduna

Na gode, Baba, na gode muku duka. Hoton ya tabbatar da tsakuwar, kuma jiya da yamma kod ɗin ganin likitan tiyata ya fito, kwana shida bayan an nema. Likitan ya sa ranar aiki Talata mai zuwa, amma an ce aikin kansa yana buƙatar wani kod ɗin daban, kuma an tura buƙatar yau da safe. Yallaɓai Tsohon Ma'aikaci, rasit ɗin hoton da na biya yana hannuna tare da takardar likita, shin wane sashe ake kai wa irin wannan idan ana neman a mayar wa mutum kuɗinsa, kuma kwana nawa ake ba shi kafin a ce lokaci ya wuce?