Kafa Hujja da Baiti Wajen Nazarin Waƙa

Wasu malaman Hausa na makarantun sakandare a Legas sun zauna a Agege kan matsalar da suke yawan gani a takardun ɗalibai masu shirin WAEC da NECO. Yaro zai ce jigon waƙa wa'azi ne, amma bai nuna baitin da ya gaya masa haka ba.

Sun ce a fara neman furucin jigo, wato wurin da mawaƙi ya faɗi abin da waƙarsa ta ƙunsa, wanda yakan zo bayan yabon buɗewa ko can wajen ƙarshe. A rubuta lambar baiti da ta ɗango (wato layi ɗaya a cikin baiti), a ɗauko kalmomin yadda suke. Ɗango ɗaya ko biyu sun isa. Kwafe baiti mai ƙwar biyar (ɗango biyar) dungurungum cika takarda ne kawai.

Inda aka fi daɗewa shi ne bayanin da ke biyo bayan hujjar. A ce mawaƙi ya kira duniya kasuwa. Rubuta "siffantawa ce" a wuce bai wadatar ba. Kasuwa ana ci ta watse, kowa ya koma gida, to daga nan ɗalibi zai ce mawaƙin yana nufin duniya ba wurin zama ba ce. Sai ya nemo kalma ta biyu a wani baitin, irin su guzuri ko tafiya, da za ta mara wa fassararsa baya. In bai samu ba, zato ya yi.

Wani malami ya ja kunne kan amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layukan waƙa. Mawaƙi kan zaɓi kalma don harafinta na ƙarshe ya dace, don haka kada a ɗora mata nauyin jigo sai an ga ma'anar ta sake fitowa a wani wurin.